Masu Ɗanɗana wa Iya

Ƙarar fashewar kwalba ce ta tsayar da keken ɗinkin. Tela ta fito baranda da almakashi a hannu da guntun zare a baki, sai ta ga ja ya malale daga ƙofar maƙwabciyarta har ya kusa bakin matakala.

"Ke kuma zare idon na mene ne?" in ji Iya Mai Kek daga kan 'yar kujerarta. "Sukari ne, ba jinina ba. Ina jinina zai samu wannan kyau? Miƙo min tsintsiya."

Tela ta yi dariya. Ta ɗauko tsintsiyar ta hau shara da kanta, tana tsince fasassun kwalbar tana zubawa a kwali. Sai da ta durƙusa kusa da kujerar ta lura da hannun. Hannun hagun Iya yana ajiye a kan cinyarta kamar tsumman da aka manta, tafin yana kallon sama. Gefen bakinta ma na wannan ɓarin ya ɗan sauka, kaɗan ne, baƙo ba zai gani ba. Tela kuwa ba baƙuwa ba ce. Shekara da shekaru su biyu ne a ƙarshen barandar saman gidan hayar nan, bango ɗaya ne tsakaninsu.

"Iya, ɗaga hannun nan in gani."

"Yau kuma likita kika zama?"

"Ɗaga dai."

Iya ta harari hannun kamar ɗan da ya ba ta kunya a gaban baƙi. Yatsun suka motsa, ya ɗago rabi, ya koma inda yake.

"Kwanciya na yi a kansa," ta ce.

"Bari in kira Auta."

"Zauna, 'yar nan."

Tela ta zauna, don muryar ba ta wasa ba ce. Auta shi ne ɗan Iya na ƙarshe, furfura ta fara cin kansa amma har yau uwarsa ba ta san shi da wani suna ba. Yana zaune a gari mai nisa, tafiyar wuni. Tun da Iya ta zame a banɗaki a bara ya rantse a gaban Tela cewa in aka ƙara, ko tuntuɓe ne, a mota zai sa ta. Ya gyara mata ɗaki a gidansa, gado mai laushi, talabijin, mai aiki. Sau ɗaya Iya ta je ta ɗan kwana biyu, ta dawo a rame. Da Tela ta tambaye ta yaya gidan, cewa ta yi, "Gida ne mai kyau. Ko cokali ba a bari ki wanke. Zama kawai za ki yi ki jira."

Ga kuma maganar kek. 'Yar Auta za ta yi aure, kuma Iya, wadda ta yi wa rabin 'ya'yan unguwar kek ɗin biki, ta ɗaukar wa jikarta alkawarin mai hawa uku, fari tas, da furanni ruwan hoda irin launin rigar amarya. An ma aiko mata da ƙyallen rigar, ta maƙale shi da allura a jikin labule saitin teburinta.

"Bikin ya matso," in ji Iya. "Ki bar ni in yi wa yarinyar nan abinta a ɗakina, a kan teburina. Ranar da ya zo ɗauka, ki faɗa masa duk abin da kika gani, har ki ƙara gishiri in kina so. Amma kafin nan, bakinki alekum."

"In wani abu ya same ki fa?"

"To ai ga ki nan. Ko tashi za ki yi?"

Tela ta so ta ƙi. Wallahi ta so. Amma tsohuwar nan ce ta riƙe mata 'ya'ya lokacin da take kwance a asibiti, ita ce ta fara kawo mata masu ɗinki lokacin da ba wanda ya san ta. Ta gindaya sharuɗɗa dai, don ta ji kamar ta yi wani abu: a sha maganin hawan jini kullum a gabanta, a bar ta ta raka ta wurin mai shagon magani a auna ta, in an ji wani iri a buga bango. Iya ta amsa duka da "to" mai sauƙi, irin "to" ɗin wanda ya riga ya samu abin da yake so.

Daga ranar Tela ta zama hannun Iya.

Iya ba ta sayen sukari mai kala na kanti. Warin roba yake, in ji ta, kuma jansa kamar fentin mota. Da kanta take rina nata. Ta zuba farin sukari a kwalba mai faɗin baki, ta ɗiga kalar abinci, ɗigo ɗaya tak, ta rufe, ta girgiza har sai kowace ƙwaya ta samu rabonta. In bai kai ba ta ƙara ɗigo, don ana ƙarawa, ba a ragewa. Sannan ta tankaɗe shi a rariya don kada ya dunƙule, ta baza a tire, ta fitar baranda ya sha iska. Teburin shanyar ɗan gajere ne, kuma kowace ƙafarsa tana tsaye cikin gwangwanin madara cike da ruwa, saboda kiyashi. Kafin rana ta yi sanyi an kwashe tirarrukan an shigar, don laima kaɗan ta isa ta mayar da aikin wuni dutse. Duk wanda ke layin ya san barandar: kore, rawaya, shuɗi, ja, jere a sama kamar shanyar mayafai. Ruwa bai taɓa dukan sukarin Iya ba. Matan layin ma da barandarta suke gane hadari, in ta fara kwashe tire sai kowa ta ruga ta kwashe shanyarta.

Girgizar ce ke son hannu biyu, ita Tela ta karɓa. Iya na zaune tana ba da umarni kamar shugabar ma'aikata.

"Girgiza, ba lallashi na ce ki yi ba. Jariri ne?"

"Hannuna ya gaji, Iya."

"Ƙafa ce ke miki ɗinki, hannun me ya yi?"

Ana dariya, ana aiki. Hannun hagun ma ya ɗan dawo, har yana iya dafe tire. Tela ta fara gaya wa kanta wataƙila da gaske kwanciyar ce. Sai dai wasu abubuwa ƙanana sun ƙi barin ta ta sake. Iya takan kai kwalbar kala har bakin hancinta kafin ta gane wacce ce. Takan bar shayinta ya huce ba ta sha rabi ba. Kuma da can ba ta zuba komai a kwano sai ta dangwala da ɗan yatsa ta kai baki, har ana tsokanarta da cewa rabin ribarta a harshenta take ƙarewa. Yanzu ta daina.

Wata safiya Tela ta fito shanya, ta ga gwangwanayen ƙafar teburin a bushe ƙayau. Ga tire biyu a kai, shuɗi da rawaya, sabbin da Iya ta lallaɓa ta yi ita kaɗai. Tausayi ya kama ta. Matar da ta fi shekara talatin a sana'ar ba ta taɓa manta ruwan nan ba. Ba ta ce komai ba, don kada ta kunyata ta. Ta ɗebo ruwa a buta ta cika su, ta koma kan kekenta. Washegari ma a bushe ta same su, ta sake cikawa a ɓoye, tana jin kanta mai kirki.

Da yamma ta ji ana kankarar tire. Ta leƙo, sai ga Iya a bakin magudanar baranda, ta dafe tiren shuɗin da gwiwa tana kankare shi da cokali cikin rariyar ruwa. Na rawayan ya riga ya tafi.

"Iya, me kike yi haka?"

"Gishiri ne." Ba ta ɗago ba. "Duka biyun gishiri na rina. Tsufa ya gama da ni."

Tela ta dangwali abin da ya rage a gefen tiren ta kai baki. Zaƙi ne, zaƙi sosai.

"Wane irin gishiri? Sukari ne mai kyau kike zubarwa."

Cokalin ya tsaya. Iya ta juyo a hankali.

"Kiyashi sun ƙi shi. Na zubar musu da ruwan gwangwani, na buɗe musu hanya, jiya da yau, ko ɗaya bai hau ba."

Sai a lokacin Tela ta gane. Ta ce, da ƙaramar murya, "Ni ce nake cika ruwan. Na ɗauka mantuwa kike yi."

Iya ta dube ta, ta dubi magudanar da shuɗi ke bi yana gangarawa, sai ta fashe da dariya, dariyar da ta fito ta gefe ɗaya na bakinta. Ta yi ta yi har hawaye ya zo, daga nan kuma ba dariya ba ce.

"Harshena ya mutu, 'yar nan," ta ce da ta samu numfashi. "Tun ranar da kwalbar nan ta faɗi. In na sa sukari a baki, yashi. In na sa gishiri, yashi. Idon ma fari kawai yake gani, ba ya rabe min ƙwaya. Robar sukari da ta gishiri kuma iri ɗaya ne. Mai kek da ba ta san zaƙi ba, wa zan faɗa wa wannan? Sai na ce bari in ɗauki kiyashi ma'aikata. Ba sa ƙarya, ba sa kai gulma gidan Auta, kuma ladansu ƙwaya ɗaya ce."

"Ni fa? Ba ni da harshe ne?"

"Na karɓe miki hannu. In karɓe miki baki kuma?"

Tela ta juya. Ta shiga ɗakin Iya ta ɗanɗana abin da ke cikin robobin nan, ta tsinko jan zare daga wuyan rigarta ta ɗaure a marfin ta sukari. Tsoro take ji, tsoro na gaske, don ta gane abin da ya taɓa hannun nan bai tsaya a hannu ba, yana ciki yana bin ɗaki ɗaki yana kashe fitila.

Maigidan Tela direban babbar mota ne, ba kullum yake gida ba. Da ya dawo ta kasa riƙewa, ta faɗa masa yana cin abinci. Ya ajiye cokali.

"Ki kira ɗanta."

"Na yi mata alkawari."

"Alkawarin me? In ta faɗi a ɗakin nan, da wane ido za ki kalli mutumin? Uwarsa ce fa, ba taki ba."

"Saura kaɗan ta gama."

"Ciwo ya ce miki zai jira kek?"

Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta ji haushinsa. Da safe ya ɗauki jakarsa ya tafi, ya bar ta da wayar da bangon.

Aka gasa kek ɗin hawa hawa, Tela na fasa ƙwai tana ɗanɗana kwaɓin, Iya na kallon launin gashin ta gilashin murhu tana cewa a fitar ko a ƙara masa. Aka jera shi, aka shafe shi da farin kirim sumul. Yadda Iya take yin furanninta kuwa, takarda mai kauri take yankewa da siffar fure, ta ɗora a kan kek, ta tankaɗa sukari mai kala a kai, sannan ta kama gefe biyu na takardar ta ɗaga ta sak, sai furen ya fito kamar an buga hatimi. Korayen ganyaye sun hau lafiya. Ruwan hodar ne ya ƙi. Ba a ɗiga masa kala, tsinke ake tsomawa a ja a shafa a cikin kwalbar. Duk wanda Tela ta girgiza, Iya sai ta kai shi jikin ƙyallen rigar, ta ƙura masa ido a hasken taga, ta girgiza kai.

"Wannan na 'yar tsana ne. Wannan kuma ya yi fari, kamar mara lafiya. Sake."

Haka suka yi ta yi har robar mai jan zare ta ƙare. Mai kantin ƙasa ya hawo da saƙon Iya da kansa, ya ajiye mata ledoji biyu farare a bakin ƙofa, ɗaya sukari ɗaya gishiri. Tela ta ce da safe za ta zo ta raba su.

Da safen ta shiga da maganin a hannu, ta tarar da Iya tsaye a gaban tebur tana kallon kek ɗin.

"Iya, ina kwana?"

Iya ta buɗe baki. Abin da ya fito ba magana ba ce. Sauti ne mai kauri, kamar harshen ya yi wa bakin yawa. Ta sake gwadawa, idanunta suka firfito, ta dafe teburin. Tela ta riƙe ta ta zaunar da ita, tana kiran sunan Allah a hankali. Bai daɗe ba ya sake ta. Kalmomin suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suna ɗingishi.

"Ya wuce," in ji Iya. "Kada ki soma."

Tela ta fita baranda ta kira Auta. Ba ta rage komai ba, kwalbar, hannun, harshen, abin da ya faru yanzu. Ya ce ga shi nan tafe, zai iso kafin duhu, a haɗa mata kayanta, daga nan asibiti za su wuce.

Da ta juyo, Iya tana tsaye a bakin ƙofa. Ta ji komai.

"Kin kyauta," ta ce. Ba faɗa, ba harara, kuma wannan ya fi faɗan ciwo.

"Iya, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Bari in raba miki ledojin, mu ƙarasa kafin ya iso."

"Je ki ga ɗinkinki. Ina da ma'aikata."

Ta ja ledojin da ƙafa zuwa ciki, ta turo ƙofar ta rufe.

Tela ta koma ta zauna a gaban kekenta. Akwai rigar da mai ita za ta zo karɓa, amma ba ta taka keken ba, don ƙararsa za ta hana ta jin bangon. Can sai ta ji. Shak, shak, shak, a hankali, da hutu a tsakani. Ta gane yadda ake yi: an rungume kwalbar a ƙirji da hannu ɗaya, jiki duka ne yake girgizawa. Ta tashi ta je ƙofar, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta tuna "kin kyauta", ta dawo. Muddin ana girgizar nan, ta ce wa kanta, ai lafiya.

Da rana ta take, ta ji an buɗe ƙofa, an ja ƙafa, an ajiye tire, an koma an rufe. Ta leƙa. Tire ɗaya ne a kan teburin shanya, gwangwanayen cike da ruwa har baki. Ruwan hoda ne, kuma ko ba a kawo ƙyallen ba ta san shi ne. Launin rigar ne sak, kamar daga jikinta aka kankaro shi. An ɗebi rabi an shiga da shi. Ta dangwala ta kai baki, sannan ta matsa jikin ƙofar.

"Iya, sukari ne. Kuma kalar ta fita."

Sai muryar ta zo daga ciki, a hankali, kalmomin suna jan ƙafa.

"Na sani. An riga ki faɗa min."

Tela ta tsaya ko za a ce ta shigo. Ba a ce ba.

Daga nan sautin ya canza. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, cokali ne yake bugun gefen rariya, ana tankaɗa sukari a kan kek. Ya tsaya, ya daɗe, ya ci gaba. Tela tana zaune da rigar mutane a cinya tana farke ɗinkin da ba shi da laifi. Mai rigar ta zo, ta ba ta haƙuri ta sallame ta a tsaye. Da ta dawo ta kasa kunne, ba ƙwas, ba shak. Ta ce ta gama ke nan, tana hutawa. Ta ce bari ta ba ta lokaci ta huce. Ta ce abubuwa da yawa.

Hasken ɗakin ne ya fara canzawa. Labulen ya kumbura ya faɗo, wata ƙofa ta buga a ƙasa. Tela ta fito baranda. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kwasar ledoji a titi. A gidan da ke kallonsu wata mata tana tsaye da kwando a hannu, ta ɗaga kai tana duban barandar Iya, shanyarta na kaɗawa a bayanta ba ta kwashe ba. Tiren yana nan inda yake.

Ɗigon farko ya faɗi a tsakiyar ruwan hodar, ya yi tabo ja. Na biyu ya biyo. Tela ta kalli ƙofar, tana jira ta buɗe, tana jira a ce mata, "Ke, tsayawa kika yi kina kallo?" Ruwan ya sauko gaba ɗaya, iska ta watso shi cikin barandar, tiren ya cika, jan ruwa ya fara zuba ta gefensa yana bin ƙafar tebur.

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta sa kafaɗa za ta bangaje ƙofar, sai ta tafi da ita ba wuya, har ta kusa faɗuwa ciki. Ba a sa sakata ba. Tun safe ba a sa ba.

Iya tana zaune a kujerarta a gaban tebur, kanta ya karkata kan kafaɗa, rariyar tana cinyarta, hannun dama yana riƙe da cokalin. Fuskarta ta daidaita, gefen bakin nan da ya sauka ya koma daidai da ɗan'uwansa. Tela ta kira ta. Ta taɓa wuyanta, ta taɓa hannun. Ta durƙusa ta kifa kanta a gwiwar tsohuwar, ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Baƙin cikinta ƙofar ce. Wuni guda tana zaune a bayan ƙofar da turawa kawai take so.

Maƙwabta suka hawo, aka kwantar da Iya a gadonta aka lulluɓe ta. Ruwan bai gama ɗaukewa ba Auta ya iso, rigarsa a jiƙe, makullin mota a hannu. Tun a matakala ya ga takalman mutane ya gane. Ya shiga wurin uwarsa ya daɗe. Da ya fito idanunsa sun yi ja, ya tsaya a gaban teburin, don ba inda mutum zai sa ido a ɗakin nan bai ga kek ɗin ba. Furanni sun zagaye hawan ƙasa da na tsakiya. Wasu gefensu ya ɗan goge, inda aka ja takardar da hannu ɗaya. A can sama kuwa takardar babban furen tana nan a kwance, sukari ya rufe ta.

"Ta gama?" ya tambaya.

"Saura a ɗaga takardar. Wannan babba ce, sai da hannu biyu."

Ta wanke hannunta ta goge. Ta kama gefe da gefe yadda ta ga ana yi, ta riƙe numfashi, ta ɗaga sak. Furen ya fito cif, ko ƙwaya ɗaya ba ta kauce ba. Auta ya dubi furen, ya dubi ƙyallen da ke jikin labule.

"Da kin kira ni tun ranar farko," ya ce.

"Da na kira ka," in ji Tela.

Ya fita baranda yana neman lambar matarsa.

Wata daga cikin matan ta ce a share ɗakin kafin mutane su cika. Tela ta ɗauki tsintsiyar nan ta fara daga bakin ƙofa. Da ta janye kujerar Iya sai ta ga marfin kwalba biyu a ƙasa, an ajiye su gefe da gefe inda mai zama zai iya gani in ya sunkuya. Ɗayan farin abu ne a ciki, ba abin da ya taɓa shi. Ɗayan ma fari ne amma ya kusa ƙarewa, an kuma barbaɗa ɗan ruwan hoda a kusa da shi, ladan aiki. Kiyashi sun ja layi daga nan har wata tsaga a gindin bango, kowanne da ƙwayarsa a ka.

Ta ɗauke marfin gishirin. Sauran ta kewaye su da tsintsiya, ta mayar da kujerar a kansu don kada a taka.